WA YA KOYA MANA CIYAR DA TSOHON DA YA MANTA YADDA AKE CI?

   

 Yau zan taɓo wata magana da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, domin ta shafi wani abu da muka daɗe muna bugun ƙirji da shi. Duk inda aka yi zancen tsofaffi, sai ka ji mun ce mu ba kamar Turawa ba ne, mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, a gabanmu suke tsufa, a hannunmu suke cikawa. Wannan gaskiya ne, kuma alhamdu lillahi a kan haka. To amma ina so mai karatu ya daure ya ji sauran zancen. A garuruwanmu, daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Ɓaɓura, tsoho yana iya ramewa har ya rasu da yunwa da ƙishirwa a tsakiyar gidan da ake sauke tukunya sau uku a rana, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi, kowa yana ƙaunarsa, babu ko ɗaya da ya san yadda zai ciyar da shi. Abin da nake da'awa shi ne, ciyar da mai gigin tsufa ilimi ne da ake koyo, kuma samar da masana abinci da aka horar a kan wannan aiki farilla ce ta kifaya da muka yi watsi da ita.

MENE NE GIGIN TSUFA?

Mun saba cewa "tsufa ne kawai" idan kaka ta fara mantuwa. Tsufa daban, gigin tsufa daban. Akwai mai shekara 90 da hankalinsa garau, yana ba ka labarin zamanin En'e kamar jiya aka yi. Gigin tsufa cuta ce da ke cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu cutar. Akwai kuma wanda ke biyo bayan lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, abokin tafiyar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda kowa ya san yadda suka yi mana katutu. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da cutar a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa kowace shekara.

Kada wani ya ce ai wannan ciwon Turawa ne. Tun 1992 aka fara wani dogon bincike da ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis a Amurka, an kuwa sami cutar a duka wuraren biyu, ko da yake ta fi ƙaranci a Ibadan. A nan kusa da mu, binciken da likitoci suka yi a Zariya aka buga a 2011 ya sami kusan tsoho uku cikin kowane ɗari da ita. Mu kanmu da muke karanta Alƙur'ani mun san Allah Ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda Ya nuna akwai wanda ake jinkirta wa har ya kai matakin da saninsa ke kuɓuce masa. Ashe abin da Alƙur'ani ya ambata sau biyu bai kamata ya zama baƙo a wurinmu ba.

ABIN DA KE FARUWA A GABAN KWANO

Mai lafiya ba ya lura da yawan ayyukan da ke cikin loma guda. Sai ka ji yunwa, ka gane abin da ke gabanka abinci ne, ka yanko tuwo, ka dangwali miya, hannu ya sami baki, ka tauna, sannan maƙogwaro ya rufe hanyar numfashi ya buɗe ta abinci. Cutar nan tana warware waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Da farko tsohuwa za ta manta ko ta ci ko ba ta ci ba, ta gama cin tuwo ta ce wa baƙo kwana biyu ba a ba ta komai ba, a yi ta jin haushin suruka a banza. Can gaba ta zauna ta zuba wa kwano ido ba ta san ta inda za ta fara ba. Jin ƙanshi da ɗanɗano ya ragu, jin ƙishirwa ya dushe. Daga baya ta riƙa tara abinci a kumatu ba ta haɗiye ba, ko ta riƙa ƙwarewa da ruwa.

Wannan ƙwarewar ita ce babban haɗari. Idan kunu ko ruwa ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu, yana haifar da ciwon nimoniya, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke ajalin masu wannan cuta. Wani lokaci ma abincin na zarcewa huhu ba tare da ko tari ba. Wani bincike da aka yi a yankin Boston aka buga a 2009 ya bi diddigin mutum 323 da cutarsu ta yi nisa har tsawon wata 18, aka tarar kusan kashi 86 cikin ɗari sun sami matsalar cin abinci. Wato duk gidan da ke da mai wannan lalura, wannan jarrabawa tana nan tafe, ko an shirya ko ba a shirya ba.

LAIFUFFUKANMU GUDA HUƊU

Na farko, ajiye kwano a juya. A zuba tuwo a langa, a ba yaro ya kai ɗakin Baba, bayan awa biyu a ɗauko a ce "ya ƙoshi", ko kuwa kaji da akuya sun taya shi. Wasu har suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Tirmizi da Ibnu Majah wanda ya hana tilasta wa marar lafiya ci da sha. Subhanallah! Hani ga tilastawa ina ya zama izinin sakaci? Wanda ya ƙi ci domin zuciyarsa na tashi daban, wanda yake jin yunwa amma ya manta hanyar baki daban.

Na biyu shi ne kishiyar na farko, wato ɗura. A kwantar da tsohuwa rigingine, ɗaya ya riƙe hannu, ɗaya ya matse kumatu, a kwarara mata koko da ludayi kamar yadda ake yi wa jarirai a da. Masu yin haka da kyakkyawar niyya suke yi, amma wallahi kunun da suke zato ya tafi ciki sau da yawa huhu yake tafiya. Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe ta, numfashi ya sarƙe, a ce kwana ne ya ƙare.

Na uku, jingina abin ga aljanu ko sammu, ko abin da ya fi muni, a ce tsohuwa mayya ce ta fara tone-tone. Matar da ta yi shekara 60 tana tashi sallar asuba, yau don ƙwaƙwalwarta ta lalace tana sambatu, sai a mayar da sambatun shaida a kanta, yara su guji ɗakinta, a daina zama a ci abinci da ita. Wannan zalunci ne da Allah zai yi hisabi a kansa. Ba na musun ruƙiya ta shari'a, addu'a kuwa takobin mumini ce, amma kuɗin da ake kashewa wajen turare da rubutu na wata shida da an sayi ƙwai da madara da su, da an ga bambanci.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban ilimi, shi ne azumi. Tsohon da bai san yau wace rana ba, ya ga mutane ba sa ci sai ya ce shi ma yana azumi, a ƙyale shi har ana yaba ƙarfin imaninsa. Alhali malamai ba su yi saɓani ba cewa hankali sharaɗi ne na kallafawa, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Ku tuna azumin 2024 da ya faɗo a Maris da Afrilu cikin tsananin zafi. A kwana huɗun farko na Afrilun, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mamata 102, kusan rabinsu sun haura shekara 60. Zafin bazarar Ɓaɓura da Gwiwa, da ke wuce awo 40, kowa ya san shi. Barin mai gigin tsufa ya wuni ba ruwa a irin wannan yanayi, ba da sunan ibada za a rubuta shi ba.

TO MENE NE AIKIN MASANIN ABINCI?

Mutane na ɗauka masanin abinci shi ne mai hana masu ciwon suga cin tuwo. Aikinsa ya fi haka nesa. Wanda aka horar a kan tsofaffi yakan fara da awo. Akwai ma'aunin da ake kira MNA, wanda a cikinsa ake duba ko tsoho ya rasa fiye da kilo 3 cikin wata uku, ana kuma auna kaurin sha-raɓa da tef irin na tela, idan bai kai santimita 31 ba an shiga haɗari. Akwai wani ma'aunin da Roger Watson ya tsara a Edinbara a 1994 musamman don gane irin wahalar cin da mai gigin tsufa ke fama da ita: yana kau da kai ne, ko yana ƙin buɗe baki, ko yana tofarwa, ko yana ƙin haɗiyewa. Kowanne da yadda ake bi da shi. Zai kuma sa a duba baki, domin sau da yawa abin da ake kira taurin kai ruɓaɓɓen haƙori ne ko gyambo a dasashi da tsohon ya kasa faɗa.

Sannan sai kaurin abinci. Akwai tsarin duniya mai suna IDDSI da ya kasa abin ci da abin sha mataki takwas, daga 0 zuwa 7, tun daga tsinkakken ruwa har abinci mai tauri, kuma da cokali da cokali mai yatsu da sirinji ake gwada shi. Mu da muke da koko da kunun gyaɗa da kunun tsamiya da fura da fate da tuwo mai laushi, kusan kowane mataki muna da abincinsa. Abin da muka rasa shi ne wanda zai ce wa iyali: kakarku tana matakin kaza, ga kaurin da za ku dama mata, kada ku ba ta dambu ko gyaɗa ko nama mai zare, kada ku ba ta fura mai gudaji a cikin tsinkakken nono.

Shi ne zai koyar da yadda ake ƙara wa ɗan abinci ƙarfi, tunda cikin tsoho ba ya ɗaukar da yawa: garin gyaɗa ko waken suya a koko, ƙwai a fate, man gyaɗa ko man shanu a miya, zogale da kabewa, dakakken kifi da aka cire wa ƙaya, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon tulin tuwo sau biyu. Wanda ya manta cokali amma hannunsa na aiki, a ba shi abin da zai ɗauka da yatsu, kamar alala da ƙosai mai laushi da dafaffen dankali. A zaunar da shi sosai, haɓa ta ɗan sunkuya, ya ci gaba da zama kamar rabin awa bayan ya gama. A kashe rediyo, a rage hayaniyar yara, mai ciyarwa ya zauna daidai da shi, ya ci tare da shi domin ya kwaikwaya, ya ɗora hannunsa ƙarƙashin nasa ya raka shi zuwa baki. Hatta launin kwano yana da tasiri. Wani ƙaramin bincike na Jami'ar Boston a 2004 ya nuna masu cutar sun ƙara cin abinci da kusan kashi 25 cikin ɗari da aka zuba musu a jan faranti, domin idonsu ba ya rabe farin abinci da farin mazubi. Ku duba hikimar baƙin akushi da farin tuwo, wanda muka jefar muka rungumi farar roba!

A ƙarshen cutar kuma, lokacin da iyali ke ruɗewa ko a sa robar hanci ko kada a sa, ana bukatar mai sani. Nazarin Cochrane na 2009 bai sami hujjar cewa ciyarwa ta roba tana tsawaita ran wanda cutarsa ta kai maƙura ba, kuma ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka a 2014 ta fifita ciyarwa da hannu cikin natsuwa. Robar tana da amfaninta a wasu cututtuka, likita ne ke yanke hukunci, amma iyalin da ba a yi wa bayani ba sai su ɗauka sun kashe uwarsu idan ba a sa ba.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Wani zai ce, "Malam, kakanninmu sun yi jinyar iyayensu ba tare da wani masani ba." Haka ne, sun kuma haihu ba tare da asibiti ba, amma yau wa zai bar matarsa ta kwana uku tana naƙuda a ɗaki? Ban da haka gidan da suka yi jinya a cikinsa ya canja. A da gandu ne, matan gida biyar ko shida suna karɓa-karɓa. Yau maza sun tafi Kano da Abuja da Legas neman abinci, jinya ta faɗa kan mace ɗaya mai goyo, ko kan yarinya. A ajinmu na Islamiyya akwai ɗalibar da ba ta wuce shekara 12 ba, kullum a makare take zuwa, da na bincika sai na tarar ita ce ke ba kakarta abinci safe da yamma, kuma duk lokacin da tsohuwar ta ƙware ita ake yi wa faɗa. Mun ɗora wa yarinya aikin da ya kamata mai takardar shaida ya tsara shi, sannan muna cewa ba ma bukatar masani.

Wani zai ce wannan ilimin Yahudu da Nasara ne. Wannan jahiltar tarihinmu ne. Ibnu Sina ya ware babi a littafinsa Alƙanun a kan kula da tsofaffi, ya yi wasiyya da a ba su abinci kaɗan-kaɗan a lokuta da dama. Ibnul Jazzar, mutumin Ƙairawan, garin mai Risalar da muke karantawa a zaure, ya wallafa littafi a kan lafiyar tsofaffi da wata risala a kan mantuwa da maganinta, fiye da shekara dubu da suka wuce. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi, domin marar lafiya da mai baƙin ciki, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Imam Gazali kuma a Ihya'u ya sanya likitanci cikin farillan kifaya, ya yi kuka da garuruwan Musulmi da ba su da likita Musulmi alhali kowa ya rufu a kan mas'alolin saɓani. Kamar da mu yake. Matashi zai kwana a waya yana jayayya a kan ƙabalu da sadalu, bai san abin da kakarsa ta ci da rana ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai cewa yara na mutuwa da tamowa a Jigawa, da wane ƙarfi za a koma kan tsofaffi? Ban raina wannan ba, yaran nan amana ce. Amma aikin yaƙi da tamowa ya riga ya gina mana hanya. Ma'aikatan lafiya na ƙauyuka sun iya awon damtse, sun iya koya wa uwa haɗa kunun gero da waken suya da gyaɗa. Ma'aikaciyar da ta shiga gida ta auna jika, me zai hana ta leƙa ɗakin kaka? Ƙarin horo ake nema da masani guda da zai jagorance su, kuɗinsa kuwa bai kai na kwanciyar asibiti da nimoniya ba.

KIRA GA MASU IKO DA MU KANMU

Doka ba ta rasa ba. Najeriya na da dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da aka sa wa hannu a 2018, da manufar ƙasa a kan tsufa ta 2021, da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2023. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi tun 2012. Jigawa ma ta taɓa yin zarra a 2007 da ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 duk wata. Amma masana abinci a ƙasar nan sun taru ne a asibitocin koyarwa da manyan birane, tsohuwar da ke ƙauyen Roni ko bakin iyaka a Ɓaɓura ba ta san da su ba.

Wuraren horo kuwa a ƙofarmu suke. Jami'ar Bayero na koyar da fannin abinci mai gina jiki. A Kazaure ga Kwalejin Fasaha ta Husaini Adamu ga asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa, a Ɓaɓura ga makarantar jinya da ungozoma ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021, a Jahun ga kwalejin kimiyyar lafiya. Ina kira da a sanya darasin ciyar da mai gigin tsufa a manhajojin lafiya, darasi na aiki a gefen tabarma da harshen Hausa da abincin Hausa, a kuma ɗauki aƙalla masanin abinci guda a kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma, ya horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, su kuma su horar da iyalai. Masarautun Kazaure da Ringim da kwamitocin zakka da waƙafi su ɗauki nauyin karatun 'ya'yan talakawa a wannan fanni. Limamai su yi huɗuba a kai, ko da sau ɗaya a shekara, kusa da 21 ga Satumba da duniya ta ware don wannan cuta, da kuma gab da azumi.

Ku kuma ƙannena masu cike takardar neman jami'a, musamman mata, kada ku raina wannan kwas don ba a kiran mai shi dakta. Ku maza, ku sani umarnin kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, da ke Suratul Isra'i aya ta 23 da 24, da ku ake, ba a ce ku miƙa wa matanku ku tafi majalisa ba. Yau da daddare ka karɓi kwanon da hannunka, ka zauna a gaban mahaifiyarka, ka lura: tana tari idan ta sha ruwa? Muryarta na canjawa bayan haɗiya? Zanenta ya yi mata yawa? In ka ga haka, ka kai ta asibiti, ka nemi a haɗa ka da masanin abinci, in an ce babu ka tambayi dalili, ka kuma kai maganar ga kansila da ɗan majalisarku.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ba masu rai lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya sa mu gama da hankalinmu da imaninmu. Amin.